Sunan Alhaji Idrisa a Ƙarƙashin Labarin

"Ki bar duk abin da kike yi, Sadiƙa, ki cire shi yanzu."

Mahfuzu ne, ko sallama babu. Ina tsugune a madafa ina tsinke ganyen tasba, wayar a maƙale tsakanin kunnena da kafaɗa, gumi na bin bayana.

"In cire me?"

"Duba Wasap ɗinki."

Ya kashe. Shekara biyu muna tare, an yi baiko, Asabar mai zuwa za a kawo lefe, bai taɓa kashe mini waya ba tare da ya ce "sai anjima, Malama" ba.

Na goge hannu a zanena na buɗe. Hoton allon waya ne wani ya ɗauka. Shafina ne, Tabarma, da koren layinsa da komai. A sama sunan labarin da ya fi kowane labari masu karatu a wurinmu, Kwale-kwalen Kuseri, na marubuciya 'Yar Logon. A ƙasa kuma, cikin ɗan akwatin da na yi sati ina gyarawa, an rubuta da manyan baƙaƙe: Kyautarka za ta je wa IDRISA YELWA.

Mahaifin Mahfuzu ke nan. Alhaji Idrisa, dillalin shanun da ko a kasuwar Ngong aka ambaci sunansa sai an gyara zama. Wanda ya tura hoton cikin rukunin 'yan kara ya ƙara layi ɗaya a ƙarƙashi: "Ashe Alhaji bayan shanu har da littafin soyayya." Sai fuskokin dariya a jere.

Ban san lokacin da na tsallake kwanon tasbar ba. Kuran, wato wutar lantarki, ya tafi tun asuba, kwamfutata saura tara cikin ɗari, rezon waya kuma, wato sabis, sai ya zo ya koma. Na tsaya bakin taga ina ɗaga waya sama kamar mai shanya. Sau uku ina danna cirewa kafin ya karɓa. Na duba agogo, sha ɗaya da minti ashirin. Ƙarfe takwas na ɗora abin nan.

Bari in koma baya kaɗan, don wasunku ba su san ni ba.

Ni na buɗe Tabarma bayan na gama karatun kwamfuta a Ngaundare na dawo Garwa ba aiki. Wuri ne da mata ke saka labaransu, daga nan, daga Marwa, Yagwa, har Kuseri, kowacce da sunan aro. Masu karatu sun daɗe suna damuna a sharhi, wai a nemo musu hanyar yi wa marubuciya ihsani. Shi ne na ƙera maɓallin kyauta, wanda ke aikawa ta kuɗin waya. Lambar marubuciya na ɓoye ta, wannan kam na tuna. Amma kun san kafin kuɗi ya tafi sai an nuna sunan mai layin, don kada a yi kuskure. Na gwada da nawa layin, na ga sunana ya fito, na ce to, zan gyara wannan daga baya in saka sunan aro, ai yau gwaji ne kawai.

Abin da na manta, kowace mace a unguwarmu ta san shi. A nan mace ba ta zuwa ajans, ofishin kamfanin waya, ta bi layi. Miji ko uba ko wa shi ke ɗaukar katinsa ya yi rajista, ya kawo mata pus ɗin, wato sim, a aljihu kamar goro. Dada, mahaifiyata, layinta da sunan Baba yake. Ni da na yi boko na yi nawa da kaina, sai na ɗauka duk duniya haka take.

Wace ce 'Yar Logon? Ku kaɗai zan gaya wa.

Ranar da na je gaisuwar surukai bayan baiko, cikin lafaya ruwan zuma, kaina a ƙasa, Hajiya Amatullah mahaifiyar Mahfuzu ta ce in zo in taya ta ɗauko tabarmi a sito. Muna shiga ta tura ƙofa.

"An ce kina da wurin da ake ajiye labari," ta ce.

"Eh, Hajiya."

"Wanda bai iya rubutu ba fa?"

Tun daga ranar, duk ranar kasuwar Ngong idan Alhaji ya tafi, takan ciro wani tsohon pus da ya yi mata shekarun baya ya manta, ta saka a ƙaramar wayarta mai maɓallai, ta kira ni. Tana faɗa ina bugawa. Labarin wata yarinya 'yar Kuseri da aka kai gidan mai shanu, mijin da ya san kowace saniya da launinta amma bai taɓa kiran matarsa da sunanta ba, da wani mai kwale-kwale da ta baro a bakin ruwa. A labarin yarinyar shekararta uku da aure. Ni kaɗai na san shekara talatin da ɗaya ne.

Bayan azahar Baba ya dawo daga kasuwa, abin da ba ya yi sai an yi rasuwa. Ya bar shagon atamfa a hannun maƙwabci. Bai cire hula ba ya zauna a falo, Dada ta rakuɓe bakin kujera da carbinta.

"Zauna, Injiniya," ya ce. Idan Baba ya ce mini Injiniya, to ba alheri.

Na zauna a ƙasa.

"Shekara arba'in ina kasuwar nan. Yau na ga mahauci ya bar nama a kan teburi ya zo har shagona yana tambaya ko 'yata za ta saka shi ma a littafi."

"Baba, kuskure ne na..."

"Ban tambaye ki ba. Alhaji Idrisa ya aiko. Bayan la'asar zai zo da kansa. Abu ɗaya yake so, sunan wadda ta rubuta a cikin gidansa. Idan ya ji, magana ta mutu, lefe na nan Asabar. Idan bai ji ba, kin san sauran."

"Amana ce, Baba."

"Amanar wa? Ta wanda ya riƙe ki shekara ashirin da huɗu, ko ta wata mai zagin mijinta a waya?"

Dada ta matso. "Sadiƙa, ɗinki ya fito, an gaya wa mutanen Marwa, gwaggonki ta riga ta sayi tikiti. Suna ne fa kawai. Ki faɗa a huta."

"Dada, idan ke ce fa?"

Ta dube ni, ta dubi Baba, ta mayar da ido kan carbi. "Ni ina na ga lokacin labari," ta ce a hankali.

Wayata ta yi ƙara a cinyata. Mahfuzu: Ina waje.

Yana tsaye ƙarƙashin dogon yaron ƙofar gidanmu, jingine da babur, shaddarsa ruwan toka ta jiƙe a ƙirji. Ko hular bai sa ba. Na saba idan na fito ya ce, "Ga Malama da gilashinta, yau wa aka kashe a labari?" Yau hannu kawai ya miƙo mini da ledar folere, zoɓon nan namu, mai sanyi. Ko a cikin wannan hali bai zo hannu wofi ba, shi ya fi ci mini rai.

"Baba ya tattara wayoyin gida duka," ya ce. "Ba a ga komai ba sai a ta Fati. Tabarma a buɗe, labarin a ajiye, har da sharhinta a ƙarƙashin kowane babi."

Fati matar wansa Hamadu ce. Shekararta uku da aure, cikinta wata bakwai.

"Karantawa kawai take yi," na ce.

"Yaya Hamadu ya ce ta haɗa kaya. Gobe da safe za a kai ta gidansu."

"Ba ita ba ce."

"Shekara uku, Sadiƙa. Gidan mai shanu. Ita kaɗai ce ta yi lise, babbar sakandare, a matan gidan. Wa kike so a ce?"

"Wallahi ba Fati ba ce."

Ya tsaya yana kallona. Ya san ba na rantsuwa a banza.

"To ƙanwata Nasiha? Yarinyar da ko jarrabawar brebe ta ƙaramar sakandare ba ta zana ba, ina ta san aure?"

"Ba ita ba ce."

"To ai mata sun ƙare a gidan." Ya yi 'yar dariya marar daɗi. "Sai dai ki ce Hajiya, wadda ko sunanta ba ta iya rubutawa."

Na kafa ido a kan ledar folere. Ruwa na ɗiga daga jikinta yana sauka a kan ɗan yatsan ƙafata. Ban ɗaga kai ba.

"Ka karanta shi?" na tambaya.

"Ni ba na karanta irin waɗannan, kin sani."

"Ka karanta babi na shida."

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya hau babur ya tafi, bai ce sai anjima ba.

Na koma ɗaki na kwanta a kan siminti, don katifa kamar murhu take. Saƙonni na ta shigowa. Wata marubuciya: Anti, nawa ma ya fito? Wani mai karatu: Ina maɓallin kyautar ya tafi, ina so in aika wa Alhaji na shayi. Na kifa wayar. Ba a jima ba ta yi ƙara, lambar da ba ta taɓa kirana ba sai ranar kasuwar Ngong.

"Hajiya."

"'Yata, kin ci abinci?" Muryarta can ƙasa. Ina jin ƙarar famfo, na gane a banɗaki take.

"Hajiya, za su kori Fati."

"Na sani. Ni na ninke mata zannuwan."

Na rufe ido.

"Sau uku na je ƙofar ɗakin Alhaji," ta ce. "Na buɗe baki, magana ta ƙi fitowa. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa ce wa mutumin nan ko ruwan wankansa ya huce ba sai ya tambaya. Yau ne zan ce masa ni ce?"

"To ni yaya zan yi?"

"Idan kika faɗa, ba zan riƙe ki ba. Allah ne shaida. Kuseri ba ni da kowa yanzu, amma ƙasa ba ta ƙin mutum." Ruwa na ta zuba. "Sadiƙa."

"Na'am."

"Babin da muka saka na ƙarshe, mutum nawa suka karanta?"

Hawaye na zubo mini, amma sai da na kusa yin dariya. "Dubu huɗu da wani abu, Hajiya."

"Dubu huɗu," ta maimaita, kamar mai ɗanɗana miya. "Ka ji mata." Sai aka buga mata ƙofa, layin ya yanke.

Ku gaya mini, ku da kuke zaune lafiya kuna karantawa. Idan na yi shiru, mai ciki wata bakwai za ta hau mota gobe da tabon da ba nata ba. Idan na yi magana, tsohuwar da ta riƙe hannuna a sito za ta fita daga gidan da ta haifi 'ya'ya biyar. Na juya abin nan ta kowane gefe har aka kira la'asar. Na yi salla, na saka doguwar riga baƙa da mayafi ruwan ƙasa. Zoben baikon na cire, na sake mayarwa, na sake cirewa na riƙe a tafin hannu.

Alhaji Idrisa ya zo da farar mota, Mahfuzu ke tuƙi. A zaure aka shimfiɗa darduma. Babbar rigarsa fara tas, sandar kara a gefensa, ƙamshin turare ya cika wurin. Baba ya yi ta jera gaisuwa, jam na, ya gida, ya rana, shi kuwa yana amsawa da kai. Mahfuzu ya zauna can bakin ƙofa. Kallo ɗaya na yi wa idanunsa na san ya karanta babi na shida. A babin ne ɗan farin yarinyar ya rasu da hantsi, aka binne shi, mijin ya wuce kasuwa don kada cinikin bijimai ya kufce. Mahfuzu ya taɓa gaya mini akwai wani wa da aka haifa kafin Hamadu, wanda ba a ambatonsa a gidansu.

"'Yata," Alhaji ya ce, bai dube ni ba. "An karanta mini wani abu daga cikin abin nan a mota. Ba na son dogon zance. Wa ya rubuta?"

Baba ya yi gyaran murya. Ina jin numfashin Dada a bayan labule.

"Ni ce, Alhaji."

Ƙarya ce, kuma na san ƙarya ce lokacin da nake faɗinta.

"Ke?" Baba ya juyo gaba ɗaya.

"Ni na ƙirƙira. Ina son shafin ya samu masu karatu, sai na ɗauki abubuwan da nake ji na gidajen 'yan kara na ƙara nawa. Fati ba ta san komai ba, karatu kawai take yi kamar kowa."

"To sunana fa?" Alhaji ya ce. "Ta ina ya shiga?"

Nan ne ban shirya ba. Na sunkuyar da kai.

"Ni na ba ta layin, Baba."

Mahfuzu ne, kansa a ƙasa, muryarsa ba rawa.

"Wani tsohon pus ne na gani a durowar mota. Nata ya lalace lokacin, na ba ta. Ban san da sunanka yake ba."

Ban dube shi ba. Da na dube shi da na rushe a wurin. Ya san abin da yake yi. Da kalmomin nan ya tsare mahaifiyarsa, da su kuma ya rufe ƙofar da ke tsakaninmu, don ba uban da zai kawo lefe gidan yarinyar da ta mayar da shi abin dariya a kara, tana rubuta begen wani namiji saura mako a sa mata rana.

Na jira tambayoyin. Ta yaya na san yakan yi tari biyu a bakin ƙofa maimakon sallama, kamar mijin cikin labarin? Wa ya gaya mini zancen jaririn? Duk mai hankali zai tambaya. Alhaji bai tambaya ba. Ya sauke wani dogon numfashi, irin na wanda aka ɗauke wa buhu daga ka. Sannan a karon farko ya ɗago ya dube ni, ido cikin ido, na ɗan lokaci kaɗan.

Ya sani. Wallahi mutumin nan ya sani tun a mota. Wani suna kawai ya zo nema, kowane ne, ban da wancan.

"To," ya ce. "Alhaji Muhaimin, ka ji da kunnenka."

"Na ji," Baba ya ce, muryarsa kamar ba tasa ba. "Yarinta ce, Alhaji. A yi mata faɗa, a rufe abin, a..."

"Ba na riƙe ta. Allah ya shirya. Amma zancen Asabar a bar shi." Ya dafa sanda ya miƙe. "Mahfuzu, kira Hamadu. Ka ce matarsa ta kwance kaya."

Na miƙa hannu na ajiye zoben a gefen darduma. Ba wanda ya ɗauka. Mahfuzu ya tsaya saka takalmi, ya daɗe yana fama da ɗaya kamar ya ƙi shiga. Daidai kunnena, ba tare da ya juyo ba, ya ce, "Useko, Malama." Na gode ke nan da Fulatanci, yaren da yake yi mini kawai idan yana tsokanata. Sannan ya fita.

Motar ta tashi. Baba bai motsa ba. Dada ta fito daga bayan labule tana kuka marar sauti, ta ɗauki zoben ta ƙulle a bakin zanenta.

"Kwamfutar nan," Baba ya ce, yana kallon bango. "Ki kawo mini ita. Da wayar. Daga yau babu Tabarma, babu darduma, babu komai."

"To, Baba."

Na miƙe ke nan, sai muka ji kulando, babur ɗin haya, ya tsaya a ƙofar gida. Aka yi sallama, muryar mace, a gajiye.

Ban taɓa ganinta ba. Doguwa ce, atamfarta ja ta yi yaushi da zaman mota, goyo a baya, wata yarinya 'yar shekara huɗu riƙe da gefen zanenta. Mai babur ya sauke mata jaka biyu da bokiti cike da kwanoni ya juya. Leɓenta na ƙasa a kumbure yake, jinin ya bushe.

"Nan ne gidan mai Tabarma?" ta tambaya.

Baba ya dube ni. Na ce, "Ni ce."

Ta ƙare mini kallo daga sama har ƙasa, kamar ta zaci zan fi haka girma.

"Daga Ngong nake. Ni ce mai rubuta Amaryar Direba." Ta gyara goyon. "Sunan maigidana ya fito da safe, yaran tasha suka kai masa. Ya ce in zo in zauna wurin wadda ta koya mini rubutu."

"Baiwar Allah," Baba ya fara, "nan gidan..."

"Ba daɗewa zan yi ba, Baba. Ya ce gobe yana tafe da ƙannensa, a yi maganar gaba ɗaya."

Ta cire takalmanta ta jera a bakin zaure, ta kama hannun yarinyar, ta shigo.